Yadda Ake Sa Ido Kan Cututtukan Numfashi a Ƙaramin Asibiti, Daga Bakin Ƙofa Zuwa Rahoton Litinin

Da zarar hunturu ya kankama a Daura, ƙura ta lulluɓe gari, duk bencin da ke gaban ɗakin duba marasa lafiya sai ka same shi maƙil da masu tari. Mafi yawansu mura ce, kwana kaɗan za ta sake su. Amma a kan wannan bencin mai namoniya yake zaune, da mai tarin fuka, wata rana har da yaron da mashaƙo ya fara shaƙe wa wuya. Aikinka biyu ne: ka yi wa wanda ke gabanka magani, sannan ka lura ko abin da ya kawo shi yana yawo a unguwarsu. Na farkon an koya maka a makaranta. Na biyun ne nake son in nuna maka, ƙanena, yadda na saba yi a ƙananan asibitocin ƙasar Daura. Ƙannena mata, da ku ma nake, "ka" ɗin ne ya fi zama a bakina.

Jami'in da ke Abuja ba ya ganin annoba sai ta fito a rajistarka. In ka rubuta "tari" kawai ka wuce, ka makantar da kowa tun daga ƙaramar hukuma har sama.

Kayan da za ka tanada

Ma'aunin zafin jiki mai aiki, da batiri na ajiya. Agogo mai nuna sakan, ko agogon ƙirga numfashi da ake rabawa. In babu, wayarka ta wadatar. Tocila da 'yan katakon danne harshe. Na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, in Allah ya hore, musamman mai ɗan bakin da ya dace da yara. Sikeli. Takunkumin fuska, safar hannu, sabulu da bokiti mai famfo. Robobin karɓar kaki masu murfin murɗawa, alƙalamin da ba ya gogewa, da kula mai ƙanƙara.

Sai takardu: rajistar marasa lafiya ta kullum, rajistar waɗanda ake zargi da tarin fuka, da fom-fom na IDSR, wato tsarin sa ido kan cututtuka na ƙasa. Fom 001A na mutum ɗaya ne da ake kai rahotonsa nan take, 001B na rakiyar samfuri zuwa ɗakin gwaji, 001C na jera sunaye idan masu cutar sun yi yawa, 002 na mako, 003 na wata. Idan fom ya ƙare, kada ka zauna jira. Sayi littafin rubutu mai kauri, ka ja layuka irin na fom ɗin, ka ci gaba.

Abu na ƙarshe lambobin waya ne, a rubuce a bango ba a wayar mutum ɗaya ba: ta jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda duk muke kira DSNO, ta mai kula da tarin fuka na ƙaramar hukuma, ta asibitin da kuke tura marasa lafiya, da 6232, layin kyauta na NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa.

1. Tace layi tun daga ƙofa

Kafin a fara yankar kati, fita ka tambaya da murya: wa ke tari? Ka ware su gefe inda iska ke kaɗawa, ƙarƙashin darbejiya ko a baranda, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninsu. Mai tari a ba shi takunkumi. In babu, ya rufe baki da hanci da mayafi ko rawani. Buɗe tagogin ɗakinka duka, ko da sanyi na kaɗawa. Na san a Janairu wannan ba daɗi, amma ɗakin da aka kulle da masu tari goma ya fi sanyin illa.

Yayin da kake tsaye, bi yaran da ido. Wanda ke suma-suma, wanda ke jijjiga, wanda numfashinsa ke ƙara yana kwance shiru, wannan ba ya bin layi.

2. Tambayoyi biyar da ba a tsallakewa

Yaushe tarin ya fara? Akwai zazzaɓi? Akwai wani mai irin wannan a gida, ko a makarantar allo, ko maƙwabta? An yi tafiya ko an yi baƙo a 'yan kwanakin nan? Ina katin rigakafi?

Ta farkon ce mai wuya. Uwa za ta ce maka "kwana biyu", kuma kwana biyu a bakin Bahaushe yana iya zama wata guda. Ɗaura mata da wani abu da ba ta mantawa: kafin Juma'ar da ta wuce ko bayanta? Kafin sunan da aka yi a gidanku? Ya kai kasuwa biyu? Tambayar tafiya kuwa ta fi muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa, don mutanenmu na ƙetarawa Nijar ta Kwangwalam kamar shiga ɗaki, kasuwar Mai'adua kuma tana tara jama'a daga ƙasashen biyu. In mai tarin babba ne kuma yana jin jiki, ƙara da tambayar kaji: akwai mace-macen kaji a gida ko a gonar da yake aiki? Tun 2006 murar tsuntsaye ta shigo Najeriya, kuma takan sake ɓulla.

3. Ƙirga numfashi

Nan ne sabon ma'aikaci ya fi yin kuskure, don haka bari in daɗe.

Yaro ya kasance a cinyar uwarsa, cikin natsuwa. Ba yana kuka ba, ba yana shan nono ba. Ƙirga numfashi kafin ka taɓa shi da komai. In ka fara da sa masa ma'aunin zafi ko buɗe masa baki, ya ɓalle da kuka, ka ɓata aikin. Ce wa uwar, "Baiwar Allah, ɗaga min rigarsa a hankali." Zaɓi wuri ɗaya a ciki ko ƙirji, ka kafa ido, ka ƙirga na minti ɗaya cur. Kada ka yi na sakan 15 ka ninka huɗu. Jarirai na numfashi da tsaitsayawa, ninki zai yaudare ka.

Numfashi ya yi sauri idan ya kai:
60 ko fiye a minti, ga jaririn da bai kai wata 2 ba. A nan sake ƙirgawa karo na biyu ka tabbatar.
50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11.
40 ko fiye, daga wata 12 zuwa ƙasa da shekara 5.

Yaron da ya cika wata 12 daidai, ma'auninsa 40 ne, ba 50 ba. Wannan ƙaramin abu ya sha sa an sallami mai namoniya da maganin mura.

Daga nan duba ƙasan haƙarƙari. Idan yaro ya ja numfashi, ƙasan ƙirjinsa ya kamata ya ɗago. In ya lotsa ciki a duk jan numfashi, kuma yaron na cikin natsuwa, wannan alamar namoniya ce. Lotsawar da ake gani lokacin kuka kaɗai ba ita ba ce. Haka ɗan motsin tsakanin haƙarƙari.

Saurara da kunnenka kusa da bakinsa. Ƙara mai kaushi lokacin jan numfashi alamar toshewar maƙogwaro ce, ta gaggawa. Fito siriri lokacin fitar da numfashi ya fi kama da asma. In kana da maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, gwada masa har sau uku, tazarar minti 15 zuwa 20, sannan ka sake ƙirgawa. Da yawa sai ka ga saurin numfashin ya sauka.

In akwai na'urar yatsa, maƙala ta a hannu mai ɗumi, ka jira lambar ta tsaya. Ƙasa da 90 cikin 100, turawa ce. Lalle mai duhu da sanyin hannu na iya rikita na'urar, ga jariri kuma babban yatsan ƙafa ya fi. In babu na'urar, dubi leɓe da harshe ko sun yi duhu, da yaron da ke gyaɗa kai tare da kowane numfashi, da mai gurnani.

4. Buɗe baki, duba fata

Sa takunkumi da safar hannu kafin wannan. Duk mai ciwon wuya, ka haska maƙogwaronsa. Abin da kake nema wata fata ce mai launin toka, manne a kan maƙogwaro ko 'yan wuya, wadda ba ta gogewa. In ka gan ta kada ka kankare, jini za ta yi. Shafa wuya ka ji ko ya kumbura. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo da ƙarfi a Arewa, Kano ta fi jin jiki, Katsina ma tana cikin jihohin da ya taɓa, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba.

Sai fata: bayan kunne, goshi, fuska. Zazzaɓi da ƙuraje, haɗe da tari ko majina ko jan ido, zargin ƙyanda ne. A baƙar fata ƙurajen ba sa fitowa ja kamar na hoton littafi. Shafa da tafin hannu, za ka ji gurji-gurji. Kuma ka sani iyaye kan ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, sai ta sauka a ƙirji sannan a kawo shi da sunan tari.

5. Ba abin sunansa, ka yi abin da ya dace

Yaro mai tari ba saurin numfashi, ba lotsawar ƙirji: mura ce. Ruwa, nono, abin ɗumi, zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya. Ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da mahaifinsa ya ɓata rai. Gaya wa uwar alamomin da za su sa ta dawo da gudu: saurin numfashi, wahalar numfashi, ƙin shan nono, zazzaɓi.

Saurin numfashi ko lotsawar ƙirji daga wata 2 zuwa shekara 5, ba alamar haɗari: namoniya. Amoksisilin mai narkewa a ruwa, ƙwaya mai miligiram 250, sau biyu a rana, kwana 5. Ƙwaya ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, biyu ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 3, uku ga ɗan shekara 3 zuwa 5. In akwai sikeli, bi nauyi kamar yadda littafin ƙa'ida ya nuna. A ba da ta farko a gabanka. A dawo bayan kwana 3. Ni dai in ƙirji na lotsawa, ga tamowa, ko gidan na can cikin ƙauye inda na san ba za a dawo ba, turawa nake yi.

Alamar haɗari ko ɗaya ce: kasa sha, amai da komai, jijjiga, suma ko mutuwar jiki, ƙarar maƙogwaro cikin natsuwa. A ba da maganin farko, a rubuta takarda, a tura babban asibitin da ke Daura ko mafi kusa da ke da oksijin. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuma ƙirjinsa na lotsawa sosai, ko ya ƙi nono, shi ma hanya.

Tarin da ya kai mako 2, ga yaro ko babba: zargin tarin fuka, a shiga rajistarsa. Mai ɗauke da ƙanjamau ba a jira mako biyun. Tari mai zuwa a jere ba numfashi, ya ƙare da shiƙa ko amai, wannan tarin shiƙa ake zargi.

Ga lissafin mura mai yaɗuwa akwai ma'auni biyu na Hukumar Lafiya ta Duniya. Zazzaɓin da aka auna ya kai 38 da tari, wanda ya fara cikin kwana 10: cuta mai kama da mura. Irin wannan kuma da ya kai ga kwanciya a asibiti: cutar numfashi mai tsanani. Kalmar "aka auna" ita ce ke sa dole ma'aunin zafi ya shiga hamatar kowa, ba bayan hannu a goshi ba.

6. Rubuta rajista kamar wani ne zai karanta

Ina sabon zuwa aiki, a wani ƙaramin asibiti da ba sai na faɗi suna ba, na yi makonni ina rubuta "tari da zazzaɓi", a gurbin adireshi kuma sunan gari kawai. Sai da wata ungozoma ta ce min, "Malam, yaran bayan masallacin nan duk sun kwanta da ƙyanda," na koma rajista. Huɗu daga cikinsu ni na duba su da hannuna. Da na rubuta unguwa, da tun a na biyu na farga.

Tun ranar, kowane layi sai ya ƙunshi: shekaru, da watanni ga wanda bai kai shekara ba, unguwa ko ƙauye da sunan mai gida da wata alama kamar rijiya ko masallaci, ranar da ciwon ya fara, dabam da ranar zuwa, zafin jiki, adadin numfashi, sunan cutar, matsayin rigakafi, da abin da aka yi. Ga almajiri, rubuta sunan malaminsa da inda tsangayar take, don sunan garin iyayensa ba zai kai ka inda yake kwana ba.

Wanda ya dawo da ciwon da ya kawo shekaranjiya ba sabo ba ne. Yi masa alama, kada ka ƙirga shi sau biyu.

7. Abin da ake kira nan take

Zargin mashaƙo, zargin ƙyanda, tarin shiƙa, cutar numfashi mai tsanani ga wanda ya taɓa matattun kaji, mutane biyu ko fiye daga gida ɗaya ko makaranta ɗaya da ciwon numfashi mai tsanani, ma'aikacin lafiya da ya kwanta da irinsa bayan jinyar wani, ko mutuwar da ba a san dalilinta ba. Duk waɗannan, kira DSNO kafin awa 24, sannan fom 001A ya biyo baya.

Zargi ake kai wa rahoto, ba tabbaci ba. Tabbatarwa aikin ɗakin gwaji ne. Sabbin ma'aikata na jin tsoron a ce sun tayar da hankali a banza. Ban taɓa ganin wanda aka tsawatar wa don ya kira da wuri ba. In babu sabis, tura saƙon tes, yakan fita inda kira ya ƙi. In ya ƙi, hau babur zuwa inda sabis ke kamawa. Rubuta ranar da lokacin da ka kira a gefen rajista.

Mai mashaƙo ka ware shi, ka tura shi inda ake ba da allurar karya dafin cutar, ba a jiran sakamakon gwaji kafin a ba shi. Kafin ya tafi, rubuta sunayen duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ko suke cin abinci kwano ɗaya, don su ma za a ba su magani da rigakafi, a bi su kwana 10. Ka ja kunnen iyaye kada a kai shi wurin wanzami a cire masa beli.

Mutanen Daura ba su manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fara tabbatar da korona a jihar Katsina a garin nan, har aka kulle shi. Shi ya sa wasu ke razana da kalmar "rahoto". Yi musu bayani da taushi, a keɓe, kuma sunan mara lafiya kada ya fita zuwa majalisar bakin titi ko zauren WhatsApp.

8. Karɓar kaki

Samfurin maƙogwaro da na jinin ƙyanda, bar wa DSNO ko mai ɗakin gwaji in ba a koya maka ba. Kaki kuwa naka ne. A waje ake bayarwa, nesa da mutane, ba a banɗaki ba. Ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi sau uku, ya yi tari daga can cikin ƙirji. Duba abin da ya kawo: in miyau ne tsararo, a sake. Rubuta suna a jikin roba, ba a murfi ba, don murfi na musanyuwa. Murɗe sosai, a sa a kula, a aika inda injin gwajin tarin fuka na GeneXpert yake da wuri. Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, kada samfuri ya kwana a kan tebur. In ba ƙanƙara, daidaita ranar karɓa da ranar da mai ɗauka ke zuwa. Faɗa wa mara lafiya gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne, maganin kuma na wata 6 ne ga mafi yawa, akwai kuma layin 3340 na masu neman bayani.

9. Lissafin Litinin

Makon aiki a wannan tsari daga Litinin ne zuwa Lahadi. Safiyar Litinin, kafin layi ya taru, zauna da rajista ka ƙirga na makon da ya wuce, cuta-cuta, ka raba 'yan ƙasa da shekara 5 da na sama, da waɗanda suka rasu. Cika fom 002 ka aika, ka ajiye kwafi. In ba a samu ko ɗaya ba, rubuta 0. Gurbin da aka bari fayau ba ya nufin babu, yana nufin ba a duba ba. Fom 003 kuma a farkon sabon wata.

Ga abin da ba wanda zai tilasta maka amma ya fi komai amfani a wurina. Sami faffaɗar takarda ka manna a bango, makonni a kwance, adadi a tsaye, ka riƙa ɗiga namoniyar yara da masu kama da mura kowane mako, ka haɗa ɗigon da layi. Shekara ɗaya ta isa ka san yanayin wurinka: yadda layin ke hawa da hunturu, da yadda zazzaɓin cizon sauro ke cika rajista da damina har ya rikita lissafin, don shi ma yana sa saurin numfashi. Ƙa'idata ita ce, in adadin mako ya ninka na makonnin baya, ko ya zarce na daidai lokacin a bara sosai, sai in koma rajista in duba unguwanni. In sun taru wuri ɗaya, na kira. Amma fara tambayar kanka: ko asibitin da ke kusa ne ya rufe, ko an kawo magani kyauta jama'a suka ƙaru?

10. Kunnuwanka a cikin gari

Da yawan masu tari ba sa zuwa wurinka, kemis suke fara zuwa. Yi abota da masu kemis na yankinka, da ungozomomi, wanzamai, malaman tsangaya, limamai da masu unguwanni. Je ka gaishe da dagaci tun ba abin da ya faru: "Ranka ya daɗe, in an ji yara suna kwanciya da ciwon wuya ko ƙuraje, a turo min." Ba su abu uku kawai su riƙe: ciwon wuya da kumburi, zazzaɓi da ƙuraje, mace-mace a jere ko na mutane ko na kaji. Duk jita-jitar da ta zo, rubuta ta a littafi dabam da rana da abin da ka gano. Na kaji kuma ka sanar da jami'in dabbobi.

Duk yaron da ya shigo da tari, kafin ya fita duba katinsa. Allurar Penta, mai kare mashaƙo da tarin shiƙa, da allurar namoniya, ana yin su a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Wanda ya tsallake, mura ba ta hana a yi masa yau. In ranar ba ta rigakafi ba ce, rubuta sunansa da unguwarsa a bai wa mai allura.

In za ka tafi hutu ko kwas, zaunar da wanda zai riƙe maka, ku cika fom ɗin Litinin ɗaya tare, ka nuna masa inda lambobin suke a bango, ka bar masa sunayen waɗanda ake jiran sakamakon kakinsu da waɗanda za su dawo rana ta uku.